Malam Ghali, Wanda Ya Farke Auta da Hannunsa

Kafin motocin Zariya su fara tsayawa shan shayi a Kwanar Dangora, Malam Ghali bakanike ya riga ya buɗe garejinsa. Garejin ma sai ka lura za ka gane shi: rumfar kwano ce a gefen titin da ya nufi Tudun Wada, da benci, da durom ɗin baƙin mai, da akwatin sifanu da ya girme ni. Yana dawowa daga sallar asuba zai share gurin da kansa, ya jera sifanunsa a kan buhu, ya zauna da kofin koko yana jiran wanda Allah zai kawo. Direbobin hanyar sun san shi da faɗa. Ka kawo masa mota ba ruwa a lagireto, sai ka sha wankin babban bargo kafin ya taɓa ta, sannan ya gyara maka ita tsaf ya ce Allah ya kiyaye hanya. Haka ya yi shekara da shekaru, sai a watan nan ya ajiye sifana saboda ido ya fara ƙi.

Ni Munir sunana, ɗan Kiru ne, a Kano nake aiki, kuma ina da ciwon tsofaffin motoci. Muna da ƙungiya a birni, matanmu sun sa mana suna mahaukatan gwangwani, mun kuma karɓa. Wata rana fanbel ɗin injin motata ya tsinke daidai Kwanar, aka nuna mini rumfar Malam Ghali. Yana cikin aiki na hango wani abu lulluɓe da tamfol a bayan rumfar, na ce Baba, mene ne wancan? Ya ce zo ka gani, amma ka goge hannunka.

Da ya yaye tamfol ɗin, wallahi sai da na nemi guri na zauna. Fijo 404 ce, shuɗiya, mai giya a jikin sitiyari, fentinta na ƙyalli, kujerunta ba ko yagewa. Ya murɗa mukulli ta tashi bugu ɗaya, sautin injin lallausa, ko girgiza ba ta yi. Na yi yawon kallon tsofaffin motoci har Legas, ban taɓa ganin mai lafiyarta ba, sai ga ta a bayan rumfar kwano kusa da mai gasa masara!

A gidan wani tsohon hedimasta a Bebeji ya samo ta, lokacin kaji na ƙwai a cikinta. Ya yi rabin rayuwarsa yana tattara mata kaya, bara fitila, bana madubi, baɗi murfin taya. Matarsa Inna Asabe ce ta sa mata suna Auta, ta ce a duk 'ya'yan gidan ba wanda ya samu wankan da motar nan take samu. Ranar Juma'a kaɗai Auta take fita, ya kai ta masallaci a hankali ya dawo da ita ya rufe. Masu kuɗi sun taya ta ba sau ɗaya ba, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Akwai wata 404 ɗin kuma a rayuwar Malam Ghali, ita wannan ba mai ɗaukar ta hoto. Akori-kura ce ta wani direba Lawal, duk ta lotse, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Ita ke shiga ƙauyuka da rugagen bayan Burumburum. Da rani wasu motocin ma suna shiga, amma in damina ta kankama hanya ta zama taɓo da kwazazzabo, ita kaɗai ke iya ratsawa. Babur yana zuwa, amma ba ka kwantar da mai naƙuda a kan babur. Mutanen can sun shaida mini cewa in motar Lawal ta lalace a daji, Malam Ghali ne ke ɗaure sifanu a bayan babur ya bi ta, ya kwanta a ƙarƙashinta cikin laka. Wani dattijon Bafulatani ya ce da ni shi bai san sunansa ba ma, likitan motar Lawal suke ce masa.

To, bara ƙungiyarmu ta shirya baje kolin tsofaffin motoci a Kano, a tsakiyar damina. Na kai shugabanmu Muzammil ya ga Auta. Ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya ga injin da ta fito da shi daga kamfani ne a jikinta, ba a taɓa canza shi ba, sai ya riƙe kai yana salati. Nan take ya ce ita za ta shiga fili a gaba, kuma za a kira mai ita a karrama shi a gaban jama'a. Malam Ghali ya yi ta cewa a'a, ni wa, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Tunda yake ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. Har sabon kaftani ya ɗinka.

Ranar bikin muka yi sammako mu rako shi. Jerin gwano muka yi, Muzammil a tsohuwar Marsandinsa, wani a Bitil, wani a wata jar mota mai gurnani da ta tara mana mutanen Kwanar kafin mu kashe inji. Muka zagaya bayan rumfa da murnarmu.

Auta tana nan, amma bonet ɗinta a ɗage yake, kuma ba komai a ciki. Rami ne kawai, wayoyi na reto, baƙin mai ya zuba a ƙasa. Muzammil ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ɓarayi ne, Baba? Yaushe suka zo?”

Malam Ghali yana zaune a kan benci cikin tsofaffin kayan aikinsa. Ya ce, “Ba ɓarawon da ya zo. Ni na ciro shi.”

“Kai? Da hannunka?”

“Da hannuna. Yana motar Lawal.”

Sai ya ba mu labari, bai ko ɗaga murya ba. A cikin makon bikin Lawal ya ɗauko wata mata mai suna Lubabatu, naƙuda ta yi mata tsanani. A mashigar wani rafi ruwa ya shiga injin, ya buga, bugun da ba ya gyaruwa. Sai a amalanken shanu aka fito da Lubabatu bakin kwalta. Ita ta rayu, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Lawal ya zaga kasuwar kayan mota a Kano, bai samu injin irinta ba sai ruɓaɓɓu. Malam Ghali ya ce ya san inda mai kyau yake. Mujitaba, babban almajirinsa a sana'a wanda yanzu garejin ke hannunsa, ya rantse ba zai sa sifana a jikin Auta ba, ya fita ya bar gurin. Tsohon nan ya kira masu dako suka riƙe masa sarƙar ɗaga inji, ya kwance injin Auta da kansa.

Muzammil kamar zai yi kuka. Ya ce, “Haba Baba! Injin da ba irinsa a ƙasar nan za ka kai cikin taɓo? Ai da ka bari a gama bikin, kwana nawa ne?”

Malam Ghali ya ce, “Alhaji, akwai wasu matan a can da watansu ya tsaya. Zan aika musu su jira a gama biki ne?”

Ni dai raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, kuma har yau ban manta ramin nan ba. Na zaci shi bai damu ba, sai da Inna Asabe ta kawo mana ruwa ta ce da ni a hankali, “Ɗan nan, kada ku ƙara masa. Tun ranar bai ci tuwon kirki ba.” Muka koma Kano ba Auta, ba mai ita. Aka yi biki aka watse, ba a kira sunansa ba.

Malam Ghali, kai ne ka fi mu son motar nan, mu da muke cika baki. Mu hoto muka yi da ita, kai ka tsamo ta daga kashin kaji ka raine ta. Kai ne ka san kowane noti na jikinta, kuma kai ne ka kwance su ɗaya bayan ɗaya saboda matan da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba. Sarkin makanikan Kwanar, mai faɗa da gaskiya, ban san inda ka samo wannan zuciyar ba.

Mu kuwa muka ce ba za mu yarda ba. Muka baza cigiya Zariya, Kaduna, har Jos, aka daɗe ana kai mu ga gwangwanaye. Daga ƙarshe aka samu wani inji a bayan gidan wani tsoho a Jos, mai ɗan dama-dama. Muka ɓoye maganar sai ranar walimar da direbobin Kwanar suka haɗa masa ta ajiye aiki. Ana gama addu'a muka sauke shi a gabansa, jama'a suka ɗauki kabbara. Muzammil ya ce, “Baba, ga shi. A sa wa Lawal wannan, a dawo wa Auta da nata.”

Malam Ghali ya durƙusa. Da yake idon ba ya gani sosai, da hannu ya bi shi yana shafawa, ya juya shi, ya kara kunne. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya sa mana albarka har muka ji kunya, ya juya ya ce, “Mujitaba, a wanke shi a zuba masa mai, a ɗora shi a kan katako a rufe. Motar Lawal ta samu na ajiya.”

Na ce, “Na ajiya kuma, Baba? Auta fa?”

Ya ce, “Munir, wancan da ke motar Lawal na san cikinsa da wajensa, shekara da shekaru ina jin numfashinsa. Wannan yau na fara ganinsa. Ba zan ɗora mai naƙuda a kan injin da ban sani ba. Kuma in wancan ya buga bayan na koma gida, wa ke da wata Autar da zai farke?”

Muzammil ya dube ni, na dube shi. Karo na biyu ke nan tsohon nan ya bar mu baki buɗe a gaban mutane.

Mun gode, Malam Ghali. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da abin da ya fi lasifikarmu. Ku kuma 'yan'uwana masu lulluɓe abin da kuke so da tamfol, ni ma ina cikinku, ku ratsa ta Kwanar Dangora wata rana ku gaishe shi, ku ga abin da mutum ɗaya ya iya bayarwa, ko ma ɗan kwaikwaya. Auta tana nan a bayan rumfa ba inji, mai ita kuma ya ce a bar ta haka. Motar Lawal ta shiga daji yau da safe.