Takardar da ke cikin hulata

Jiya a ajin yaƙi da jahilci malaminmu ya tambayi kowa abin da ya kawo shi karatu da furfura. Ni sai tsohon likitan nan na Bukkuyum ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Wata damina ɗiyata ta kwana uku da zazzaɓi. Na saya mata ƙwayoyi wurin mai talla ranar kasuwa, ban iya karanta takardarsu ba, na cusa ta cikin hula, na ba ta biyu, jikin ya ƙara rikicewa. Na ɗauko ta a babur daga Nasarawa Burkullu zuwa asibitin Bukkuyum, duk mun yi kaca-kaca da laka.

Likitan ya taɓa goshinta, ya zuƙi allura, sannan ya tsaya.

"Mi kuka ba ta a gida?"

"Ba mu ba ta komi ba, likita."

Tsoron tsawa nake ji, don an taɓa yi mini ita gaban jama'a. Sai ya zauna kusa da ni a benci, rigarsa tana warin sabulun asibiti.

"Malam, nan ba kotu ba ce. In ka ɓoye mani, sai in ƙara mata wani bisa wancan."

Na cire hula, na zaro takardar ƙwayoyin na miƙa masa. Ya karanta, ya ajiye allurar gefe.

"Na manya ne. Madalla da ka adana takardar."

Bai ƙara ko kalma a kai ba. Yau ɗiyar nan tana goyon nata ɗan.

Allah, yadda ya rufa mini asiri ranar nan, Ka rufa masa nasa, Ka haskaka kabarinsa.