Hannun Daman Kumfa

A mashigin da jirgin fito ke tsayawa, ba wanda ya san shi da wani suna sai Kumfa. Bakinsa ne ya ja masa. Duk ranar da inji ya sha iska ya mutu a tsakiyar ruwa, mata suka ƙanƙame yaransu, wani ya leƙa ramin inji ya ce, "Bakanike, yaushe za mu tashi?" amsarsa guda ce: "Sai kumfa ta ƙare." Shekara talatin da ɗoriya yana ba da amsar nan, har ta cinye sunan da aka raɗa masa.

Jirgin na ubansa ne. Da tsohon ya ji ƙarfi ya soma ja da baya, sai ya raba wa 'ya'yansa biyu aiki. Ƙaramin, dogo mai baki kamar reza, ya damƙa masa sitiyari. Babban, gajere marar magana, ya tura shi ƙasa wurin inji. Tsohon bai faɗi wane ne magajinsa ba, amma ai ba sai an faɗa ba. Na sama shi ake gani, shi ake gaisarwa. Kafin ƙasar kabarin tsohon ta bushe, kowa Mai Jirgi yake kiran ƙanin.

Gaskiya shi Kumfa bai damu ba. Ramin nan, wanda mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki, mai ƙwan fitila ɗaya da zafi kamar cikin murhu, ya fi masa ko'ina daɗi a duniya. Matarsa ta yi mita har ta gaji: warin man dizal a matashin kai, a tabarma, har a kan jariri in ya ɗauke shi. Sai ya yi murmushi ya ce warin abinci ne take rainawa.

To, Mai Jirgi mutum ne mai maƙon tsiya. Bai taɓa cika tanki ba, ko ranar kasuwa. Ɗan abin da zai kai ya dawo, shi yake zubawa, wai mai a tanki ba ya haihuwa. Da ruwa ya yi ɗan motsi jirgi ya karkata, sai bakin bututu ya fito fili ya zuƙi iska a maimakon mai. Injin dizal kuwa ba ya shiri da iska ko ƙanƙane. Ya yi tari biyu, ya yi shiru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wa zai gaya wa Mai Jirgi shi ne ya tsaga bangon? Ƙafa yake bugawa a saman katako, daidai kan yayansa, ya ɗaga murya don fasinja su ji:

"Yaya! Barci kake yi a nan ƙasa ko me? Kullum kai ke nan da kashe mana inji!"

Kumfa kan juya ga injinsa. Zai ɗauki sifanarsa, ya sassauta ɗan notin da ke saman matacin mai, ya ɗora babban yatsa a kan ƙaramin hannun famfo, ya yi ta dannawa. Da fari ba abin da ke fitowa sai huci. Can sai kumfa, fara sol, tana tsiyaya. Ba ya ɗaure notin sai ya ga mai tsantsa ya biyo baya, ko ƙwayar kumfa ɗaya babu. Daga nan ya bi siraran bututun ƙarfen da ke kai mai kan inji, ya sassauta su, ya ƙwala kira a murza makulli, ya zuba ido har kowanne ya tofar da mai, sannan ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Inji ya kama, fasinja su yi ta sa wa Mai Jirgi albarka.

Aikin ido ne, daga farko har ƙarshe. Ido kuwa shi ne ya fara yi wa Kumfa tawaye.

Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da ta ga yana lalubar cokalin da ke gaban gwiwarsa. Ta jira yara suka fita, ta ce, "Baban yara, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Haba, ni za ka ɓoye wa? Mu je a duba maka."

"In je a rataya mini gilashi ƙanina ya gani? Kin fi kowa sanin halinsa. Dama neman hanya yake yi." Sannan ya ƙara da cewa, "In ya fitar da ni daga ramin nan, ina zan sa kaina? Ni ban iya komai ba sai shi."

Wannan shi ne tsoronsa, ba wani ba. Sai ya mai da yatsunsa ido. Kumfa da mai ba ɗaya suke a fatar yatsa ba: ita tana fashewa tana ƙaiƙayi, shi kuwa santsi ne zalla. Ya iya abin har ya fi lokacin da yake gani sauri. Amma akwai ƙa'idar da ubansa ya taɓa kafta masa mari a kanta tun yana saurayi: in inji na aiki, ba a shafa bututun ƙarfe da hannu don neman yoyo. Kwali ake karawa a duba. To, mai hazo a ido me zai gani a kwali?

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwa ce, jirgi cike maƙil, da hantsi. Inji ya mutu kamar yadda ya saba, ya fitar masa da iska, ya tashi. Sai ya ji sautin bai cika ba, kamar ɗaya daga cikin bututun yana zubarwa. Ya bi su da tafin hannun dama, a hankali. A na uku ya ji tsit, kamar ƙudan zuma ya harbe shi a gindin babban yatsa. Bututun ne ya yi 'yar tsaga da ko mai lafiyar ido ba zai gani ba, man da ke fita ta nan kuwa ƙarfinsa ya fi na allura. Ya huda fata ya shige ciki.

Ko jini bai fita ba. Da suka kai gaɓa ya hau sama ya nuna wa ƙaninsa.

"Auta, mai ya shige mini hannu. Bari in leƙa asibiti in dawo."

Mai Jirgi ya kama hannun, ya juya shi, ya kece da dariya. Ya ɗaga shi sama don jama'a su gani. "Ku zo ku ga raunin da zai kai ƙato asibiti! Wallahi cizon sauro ya fi shi. Yau, Yaya? Ranar kasuwa? In ka tafi inji ya mutu, ni zan hura shi da baki?"

Aka yi dariya, har da waɗanda ya sha tsallakar da su lafiya. Kumfa ya naɗe hannun da tsumma ya koma rami. Sawu shida suka yi ran nan. Washegari hannun ya kumbura, ya yi aiki da shi a haka, don har yanzu kasuwa ba ta gama watsewa ba. A rana ta uku yatsun suka yi baƙi, zazzaɓi ya kayar da shi a ƙofar gida, matarsa da maƙwabta suka kwashe shi.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Likita ya duba, ya girgiza kai, ya ce da a ranar aka kawo shi da an tsaga an wanke. Aka fara da yatsu uku. Bayan mako guda aka koma aka cire daga wuyan hannu. Mai Jirgi ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana toshe hanci, ya ce wa matar, "Shi ma dai da ganganci. Babba da shi bai san inda ake sa hannu ba?" Ta dube shi har ya kau da kai. Ba ta taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda ta tsane shi a lokacin ba, kuma ba ta ɓoye ba.

Wata biyu Kumfa yana gida, abu ɗaya ke riƙe da ransa: injin nan ba zai yi wa kowa biyayya ba sai shi. Labari na zuwa masa cewa an ɗauko wani bakaniken mota daga gareji, mai gemu da tumbi, kuma sau uku ana janyo jirgi da igiya daga tsakiyar ruwa. Duk sanda ya ji, sai ya ci abinci da yawa. Ya ce wa matarsa, "Auta zai neme ni. Ko da hagu zan yi, wani ya riƙe mini sifana." Ta ce masa in ya je kada ya buɗe baki sai an mai da shi bakin aikinsa a gaban shaidu. Ya ce ya ji.

Ya je da safe, hannun riga a naɗe da fil. Ya tarar da jirgi a ɗaure a turke, cike da mutane, inji a mace. Mai gemu yana ƙasa yana haɗa gumi, Mai Jirgi kuwa sai murza makulli yake yi, batir na nishi yana ƙara ja da baya. Kumfa ya hau, ya tsuguna a bakin ramin. Ba ya ganin komai sai duhu da ɗigon fitila, amma kunnensa ras yake. Ya ji ɗan hannun famfo na ƙwas-ƙwas, ba nauyi, ba mai. Nan take ya san matsalar. Wani lokaci inji kan tsaya a daidai inda famfon ke danne daga ciki, ko ka kwana kana dannawa ba zai ja komai ba. Sai an juya injin da hannu, kamar rabin zagaye, famfo ya saki. Abin bai fi haka ba, kuma duk mashigin nan shi kaɗai ya sani.

Ya dafe bakinsa da hannun da ya rage. Mai Jirgi ya gan shi sarai, amma ko sannu bai ce ba, ya sake murza makulli. Ƙarfe ya ci ƙarfe, wani ƙauri ya taso. Ya sake. Kumfa ya ji abin har cikin haƙoransa. Injin da ya yi wa wanka da tsumma tun yana saurayi ake yi wa wannan azaba a gabansa. A murzawa ta huɗu Kumfa ya kasa daurewa.

"Kai, dakata! Za ka ƙone shi!" Ya sunkuya cikin ramin. "Malam, bar dannawa. Sa babbar sifana a gaban injin ka juya shi kaɗan. Ƙara. To, danna yanzu. Ka ji ya yi nauyi?"

"Ya yi! Wallahi ya yi!"

"Kada ka ɗaure sai mai ya zo shi kaɗai."

Ko minti biyar ba a yi ba inji ya ɗauka, sumul. Mai gemu ya leƙo yana haki yana dariya. "Au, dama iyakar abin ke nan? Wata biyu ina shan wuya a kan wannan?"

"Ka dai riƙe?" in ji Mai Jirgi.

"Har abada."

Kumfa ya miƙe, ya matsa kusa da ƙaninsa, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji. "Auta, na warke. Gobe sai in fito?"

Shi kuwa da ƙarfi ya amsa. "Ka fito ka yi me, Yaya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga ido ma an ce babu, ka ɗauka ban sani ba? Je ka huta. Sauka mana, jama'a na sauri."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Kumfa ya laluba gefen jirgi ya sauka. Ƙafarsa na taɓa gaɓa ya ji muryar ƙaninsa daga sama:

"Yaya, tunda kana nan, kwance mana igiyar!"

Ƙullin ya sha ruwa ya ɗaure tam. Ya ja da hagu, ya ƙi. Ya kai dungulmin ya danne, zafi ya ratsa shi har ƙeya. Jirgi guda na kallonsa, Mai Jirgi na danna ƙaho. Sai ya durƙusa a cikin laka, ya kama igiyar da haƙori, ya ja da hannu ɗaya har ta warware, ya jefa musu. Jirgin ya ja baya ya juya hanci. Yana nan durƙushe yana sauraron injin ubansa, lafiya lau yake tafiya, ko tari ɗaya bai yi ba.