Yaya Binta da Mabuɗin da Ta Raba Uku

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Binta makwancinta. Ita ce babba a ɗakinmu, kuma ita ke kula da kwamfutoci da bayanan marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa a Nassarawa GRA, cikin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da inuwar maina. Mu a gida mun ɗauka aikinta bai wuce danne-danne ba. Sai bayan ranta na san wadda muka zauna da ita.

Abokan aikinta Hajiya Kwaɗo suke ce mata a bayan ido, wato kwaɗon kulle ƙofa. Dalili kuwa, ta bi fayil ɗin kowane mara lafiya ta cire suna da adireshi da lambar waya, ta maye gurbinsu da wata lamba marar ma'ana. Ta taɓa kwatanta mini da ɗan katin da ake miƙa maka in ka ajiye babur a bakin kasuwa: duba shi yadda za ka duba, ba zai gaya maka mai babur ba. Sunayen ainihi suna can a wata na'ura daban, an juya su zuwa rubutun sirri. Mabuɗin warware rubutun kuwa ta raba shi uku, tsakaninta da babban likita da shugabar ma'aikatan jinya, Madam Rahila 'yar Zariya. Sai biyu sun haɗu zai buɗe, kuma duk wata uku sai an sake sabo. Likitoci sun yi ta ƙorafin ɓata lokaci. Ita dai ta ce rigakafi ya fi magani, kuma su ya kamata su fi kowa sanin haka.

Ni ma na taɓa cin karo da kwaɗon nan. Lokacin da aka zo neman auren 'yata, wani ya raɗa mini cewa ana yawan ganin yaron a asibitinsu. Na same ta a gida a Giginyu, na roƙe ta ta leƙa mini. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Sani, ko ina so ba zan iya ni kaɗai ba. Na tsara shi haka ne saboda ranar da wanda nake ƙauna zai roƙe ni." Ta ce su je su yi gwaji tare, ido na ganin ido. Na yi wata guda ban taka gidanta ba. Ashe mahaifiyarsa yaron yake kaiwa.

Shekara biyu da rasuwarta 'yan kutse suka shiga kwamfutocin asibitin, suka kwashe fayil-fayil, suka ce ko a ba su abin da suka nema ko su baza wa duniya. Da labarin ya iso ni, kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Akwai fayil ɗina a ciki. Na yi shekara guda ina ganin likitan ƙwaƙwalwa a can saboda ciwon damuwa, babu wanda ya sani sai matata, a garin da kalma ɗaya ta isa a kira ka mahaukaci.

A rana ta huɗu na kasa daurewa, na je wurin Madam Rahila. Ta nuna mini abin da ɓarayin suka saki don tsoratarwa: jerin cututtuka da jerin lambobi, babu sunan ko mutum ɗaya. Sun ɗauki tulu, ruwan yana wani gida. Ta ce na'urar tana rubuta duk wanda ya nemi a buɗe suna, kuma a duk shekarun Hajiya ba ta taɓa neman na ɗan'uwa ko maƙwabci ba. Na fito na zauna a barandar asibitin.

Yau da Yaya Binta za ta ɗago ta ga yadda muke tura hoton sakamakon gwaji a zauren hirar dangi, muna karanta wa kowane baƙo lambar katin ɗan ƙasa a waya, na san ba faɗa za ta yi ba. Tambayarta ta kullum za ta yi: wa ke riƙe da mabuɗin, kuma wa ke kallon mai riƙewar?

Ba ta bar gini da sunanta ba. Mutanen da ta rufa wa asiri suna nan suna aure, suna limanci, suna koyarwa, ba su ma san an yi ta ba. Ni kuwa ga shi na faɗi ciwona a jarida, da bakina, a ranar da na ga dama, ba ranar da ɓarawo ya zaɓa mini ba. Allah Ya rufa miki asiri a can, Yaya, kamar yadda kika rufa mana a nan.