Kyaftin Zacchaeus, Wanda Ya Tura Wasu Sama

Duk wanda ke ratsa Kantin Kwari da hantsi ya san dattijon nan mai farar riga a goge, zaune a bayan adaidaita sahu da matashi a gefensa, suna ta jero lambobi da Turanci. 'Yan dako sun daɗe da yanke hukuncin cewa ya taɓu. To, bai taɓu ba. Kyaftin Zacchaeus ke nan, tsohon matuƙin jirgin sama, haifaffen Wusasa, mazaunin Sabon Gari, yana bakin aikinsa. A wannan atisayen, shi ne jami'in hasumiyar filin jirgi, ɗalibin kuma matuƙi. Sai ya bari cunkoso ya kai maƙura, ham na tashi ta ko'ina, sannan ya ba da umarnin sauka, ɗalibi ya maimaita masa ba tuntuɓe.

"Wanda ya ji ni a Kwari," in ji shi, "babu hasumiyar da za ta gagare shi."

Lasisin tuƙin jirgi ba ya tsallaka iyaka haka kawai. Kowace ƙasa sai ta sake jarraba mutum kafin ta musanya masa da nata. Tun da kamfanin da yake wa tuƙi ya durƙushe, Kyaftin ya kama ɗaki a saman wani shagon kayan gyaran mota, yana shirya matasan matuƙan da suka rasa aiki a gida. Ruwaida, 'yar wani mai atamfa, sau biyu tana faɗuwa a jarrabawar magana da hasumiya, har mahaifinta ya ce ta haƙura ta zo ta riƙe masa shago. Kyaftin ya taka da ƙafarsa har Kwari.

"Alhaji, ka ara mini ita zuwa bayan Sallah. In ta sake faɗuwa, ni zan zo in auna maka yadi."

Alhaji ya yi dariya ya amince. Yau Ruwaida tana tuƙi a gabashin Afirka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shi kansa hanyar da yake nuna wa yara ta ƙi buɗe masa. Wani kamfani a waje ya yi masa alkawarin kujera, da sharaɗin ya musanya lasisinsa. Takardu uku ake so su haɗu a raye: shaidar ingancin lasisi daga gida, shaidar likita, da biza. Wallahi kamar masu gaba da juna. Kafin shaidar lasisi ta fito, ta likita ta mutu. Ya sabunta ta likita, biza ta maƙale, kafin ta motsa shaidar lasisi ta mutu. Haka ya yi ta zagaye shekara da shekaru, ga shi kuwa da mutum ya cika shekara sittin da biyar, an rufe masa tuƙin fasinja ke nan.

Bana ukun suka haɗu. Bizar ta iso bayan an yanka masa kek ɗin sittin da biyar a coci.

Matarsa, Mama Rhoda, ta ce da ya buɗe fasfon sai ya tsaya a shafin bizar. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa mata.

"Rhoda, ajiye. Sun ce in zo."

Ita ta yi kukan. Shi kuwa ya sa takalmi ya fita, wai yara na jiransa.

Kyaftin, kai ne ka tsaya a ƙasa ka ɗaga 'ya'yan mutane. Ba ka tambayi addinin kowa ba, ba ka tambayi garinsu ba. Ba ni da abin rarrashinka, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa komai zai daidaita ba, don wannan kam ta wuce. Godiya kawai muke da ita. Mun gode, Allah Ya saka maka.

Masu ilimi a hannu, ku yi irin nasa, kada ku mutu da shi a ciki. Ku kuma da ya yaye, kuna can kuna keta gajimare, haba, ku riƙa ɗaga waya kuna kiransa mana! Ba tsaraba yake nema ba. Ruwaida ta ce duk ranar da ta kira, tambayarsa ɗaya ce: "'Yata, yau yaya saman yake?"