Mota Ɗaya Ba Ta Shiga Arewa

Aldo Pavan bakanike ne, maƙwabcina a garin Mareeba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin taraktocin manoman rake, hannunsa ya yi baƙi da man inji har sabulu ya haƙura da shi. Ba ya da surutu, sai in an ambaci gandun dajin da ke can hanyar Cape York, inda kwalta take ƙarewa jar ƙasa ta karɓa. Akwai wani gurbi a can da yake kamun kifin baramundi tun yana saurayi: ruwa kwance a inuwar itatuwa, kadoji suna shan hantsi a gaɓa kamar gadon ubansu.

A wajenmu mota ɗaya ba ta shiga arewa. Kogunan ba su da gada, in mota ta kafe a tsakiyar ruwa sai 'yar'uwarta ta jawo ta. Motar da ke bin ta Aldo kuwa kullum ta Noel Harrigan ce, tsohon direban motar shanu. Noel na kiransa Ɗan Taliya, shi kuma yana kiransa Mai Tumbi, haka suka tsufa.

A shekarar da nake magana, idon Aldo ya fara hazo. Likita ya ce in rani ya wuce ba zai ƙara sa masa hannu a lasin tuƙi ba. Aldo ya gane tafiyar bana ce ta ƙarshe. Da ya gaya wa Noel, Noel ya ce ko a kafaɗa ne sai ya kai shi.

Duk daminar nan hanya tana rufe, Aldo yana gareji. Ya sauya tayoyi, ya gwada igiyar ja, ya wanke jarkokin mai, ya kama musu wurin kafa tanti tun da wuri. Noel kan leƙo da yamma da kwalbar giya, ya ce motar nan ta girmi mai ita, ba a san wanda zai fara mutuwa a hanya ba. Aldo ya ce wanda ya fi nauyi.

Ruwa ya ɗauke, aka buɗe hanya. Da safe Aldo ya je wurin mahauci ya ce a ɗaure masa naman tafiya na mutum biyu. Mahaucin ya tsaya da wuƙa a hannu, ya ce ai Noel ya karɓi nasa tun makon jiya, sun wuce arewa shi da surukinsa, mota biyu.

Na ga dawowar Aldo. Ya kashe mota, ya daɗe a ciki bai fito ba.

'Yarsa Renata ce ta faɗa masa sauran a waya, tana kuka. Ita ta roƙi Noel kada ya bar babanta ya yi tuƙi a waɗannan koguna. Noel ya kasa duban idon Aldo ya faɗa masa, sai ya nemi wata motar ya sulale. Aldo ya zaga gari yana neman abokin tafiya, amma a lokacin kowa ya riga ya haɗa da nasa.

Da Noel ya dawo, ya zo da kifi cike da akwatin ƙanƙara, ya ajiye a ƙofar gareji. Ina tsaye a shinge.

"Ɗan Taliya, ga rabonka. Daga gurbinka ne."

Aldo bai dubi akwatin ba. Ya tambaye shi ko har surukin nasa ya nuna wa wurin. Noel ya sunkuyar da kai, ya ce don lafiyarsa aka yi, yarinyar tana tsoro.

"Ita 'yata ce, tsoro aikinta ne. Kai fa, Noel? Motarka ba ta da kujerar gefe? Da ka ce in zauna, wallahi da na zauna."

Noel ya ce baɗi, in ana raye.

"Baɗi sai dai ka kai ni in saurari ruwa," in ji Aldo. "Ɗauki kifinka."

Kafin damina ta sake saukowa aka karɓe lasinsa. Ya sayar wa wani manomin ayaba motar, da jarkokin da igiyar duka. Yanzu Renata ce ke kai shi kasuwa ran Asabar. In suka haɗu da Noel a bakin kanti, Aldo kan gane shi da murya, ya amsa gaisuwa da ladabi, yana kiransa da sunansa na yanka.