Irin Doya Da Amsa Uku

Ni ne mai kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar manoman doya da ke Sauka Kahuta a Minna. Ofishi muke ce masa don girmamawa. Shago ne wanda in ka yi atishawa a ƙofa sai ciyaman ya goge fuska a ƙurya. Sai da furfura ta fara yi mini sallama sannan na koyi aikin nan, amma a unguwarmu Injiniya ake kirana, har da masu kawo mini gyaran fanka.

A cikin kwamfutar akwai rumbun bayanan membobinmu, akwai kuma wani ɗan umarni da na rubuta da hannuna, wanda masu sana'ar ke kira fankishin. Kamar aike ne: ka ba shi lambar manomi, ya shiga rumbun, ya dawo maka da amsa. Sai dai nawa marowaci ne, amsa ɗaya tak yake kawowa, sunan ƙauye. Shekara da shekaru da ita muke raba irin doya. In ƙauyenka na cikin yankinmu, ka samu.

Sai ga shekarar da masu ba mu tallafin irin suka sauya tsari. Suka ce ba mota da za ta tashi sai kwamfuta ta fitar wa kowane manomi abu uku a layi guda: ƙauyensa, tulin ƙasa nawa ya tada don shuka doya, da inda gonar take. Kuma kai tsaye daga rumbun zuwa wajensu, ba hannun mutum a tsakani.

A lokacin akwai wani abokina, manomi Kirista daga wani ƙauye bayan Gwada, wanda nake kira Sarkin Doya. Doyarsa, wallahi in ka jingina guda a bango sai ka yi mata sallama. 'Yan bindiga sun tashe su, ya dawo Minna da iyalinsa, suna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan ƙanensa. Irinsa duk ya ƙone a rumbu. Wani dattijo a Beji ya tausaya masa ya ara masa fili, ya je shi kaɗai da garma ya tada tuli har ido ya gaji da kallo. Iri kawai yake jira. In bai samu ba kafin ruwa ya zauna, ya rasa shekarar, kuma mai fili ba zai bar ƙasa tana kwana ba shuka ba.

Kullum da hantsi sai ya leƙo.

"Injiniya, kwamfuta naka ya yi magana?"

"Ta yi, Sarki. Kalma ɗaya, kamar surukar da aka ɓata wa rai."

"Ka ba shi tuwo mana. Kai kana ci, shi yana kallo."

Na sha wuya. Na fara da rubuta fankishin uku, kowanne da amsarsa, kwamfutar ta dinga nishi kamar tsohuwar tifa a kan tudu. Na cusa amsoshin uku cikin jimla ɗaya, na raba su da waƙafi, na'urar masu tallafi ta tofar da su. Na rame har ɗamarar wandona ta fara zagaya ni sau biyu. Wuta kuwa sai ta ga na kusa sannan ta ɗauke.

Mafitar a wajen mai abinci na gan ta, ranar da ta miƙo mini kula mai hawa uku: tuwo a ƙasa, miya a tsakiya, nama a sama, hannu ɗaya ya ɗauko duka. Ashe fankishin ba ya ƙin ɗaukar kaya, abu ɗaya kawai ya iya riƙewa. To sai ka ƙera masa mazubi ɗaya mai gida uku, ka faɗa masa abin da zai zauna a kowane gida, ka ce shi zai dawo da shi. Na gwada da lambar gwaji. Ya dawo da uku reras. Na yi ihun da ya sa mai faci a tsallaken titi ya yar da taya.

Don in yi wa abokina bajinta, lambarsa na fara sawa yana tsaye a kaina. Ƙauye ya fito daidai. Tuli: sifili. Wurin gona: babu komai.

Na juyo. "Sarki, me ka gaya wa masu zagayen rubuta gonaki?"

"Gaskiya. A gida ban tada ko ɗaya ba."

"Na Beji fa?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Gonan aro? In sa sunana a kai? Gobe mai gona ya ji an rubuta ni a ƙasansa, ya ce na zo cinye masa gado."

Ban yi gardama ba, don na san haka abin yake. A wajensu gonar aro da baki ake karɓarta, da baki ake mayar da ita. Ranar da ta shiga rubutu, ranar amana ta mutu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Na bi lambobin waɗanda aka taso daga bayan Gwada, layi bayan layi, sifili da babu komai.

Na samu ciyaman. "Ranka ya daɗe, mu ce sabon bai yi ba, mu koma tsohon fankishin ɗina marowaci. Shi ai ƙauye kawai yake faɗa."

"Injiniya, da bakinka ka buga wa masu tallafi waya ɗazu kana rawa ka ce ya yi."

Haka ne. Tun kafin in sa lambar kowa na kira su. Ciyaman ya roƙe su, suka ce abin da ba ya cikin rumbu ba su san da shi ba. Muka tafi Beji ni da Sarki wajen dattijon, ko zai yarda a rubuta. Ya karɓe mu da fura, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai ƙi ba, amma 'ya'yansa ba za su yarda ba. Sarki ne ma ya riƙa ba shi haƙuri.

Motar ta tashi da iri, ta kai wa masu tuli a rubuce. Ruwa ya sauka, ya zauna. Tulin Beji ya yi ciyawa, daga baya 'ya'yan dattijon suka baje shi suka zuba masara.

Yanzu Sarkin Doya bulo yake ɗauka a wani gini da ke hanyar gidana. Rannan na tsaya da babur, na ce, "Sarki, ko bulon ma naka ya fi na kowa girma."

Ya sauke wanda ke kafaɗarsa, ya goge fuska da gefen riga.

"Injiniya, ka daina kirana haka a gaban mutane."

Na ce to. Ya ɗauki bulonsa ya hau tsani.