Nonon Aro

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Roni, shekarun da kayan gwangwani suka fara cika kantunan Kazaure. Yarinya ta zo lafiya, nono ne ya ƙi zuwa. Ɗan abin da aka samu aka tatsa, gwaggona ta zuba a ludayi ta jefa tururuwa a ciki. Tururuwa ta mutu, nan take aka ce nonona mugu ne. Mijina ya aiko da madarar gwangwani da bulumboti, abin yayi a lokacin. Yarinya ta sha, zawo ya kama ta, har maɗiga ta faɗa.

Ga kuma kunyar 'yar fari. Ba dama in yi kuka a gaban mutane, sai in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba, alhali tsoron rasa ta ya hana ni cin abinci.

Ungozomar unguwarmu tsohuwa ce da ba ta tauna magana. Da ta ji labarin ludayi, ta ce tururuwa ko a zuma aka jefa ta mutuwa za ta yi, shi ke nan sai a ce zuma guba ce? Ta fita, ta dawo da wata Bafulatana daga rugar bayan gari, wadda ta rasa jaririnta ko arba'in bai yi ba, nono na ta zuba. Ko gaisuwa ba a gama ba matar ta karɓi yarinyar. Daga inda nake zaune ina jin ƙarar haɗiya. Na gode wa Allah, kuma na ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Kullum da hantsi sai ta zo. Ita tana shayarwa, ungozoma tana gasa mini ƙirji da ruwan zafi, ta mulke da man shanu, ta ɗura mini kunun kanwa har da faɗa. Da nono ya kawo, sai yarinya ta ƙi ni. Ina kanga mata sai ta sandare, ta juya tana neman wadda ta saba da ita.

Bafulatanar ce ta samo dabara. Ta sa na zauna muka haɗa kafaɗa, ta yafa mini mayafinta don yarinyar ta riƙa jin ƙamshin jikinta. Ta fara ba ta nata, sai da ido ya lumshe ta zare a hankali da ɗan yatsa, ta turo ta ƙirjina. Yarinya ta kama, ta ci gaba da sha.

Ungozoma ta yi hamdala. Ni murna ta rufe mini ido, ban dubi matar ba sai da ta miƙe. Gaban zanenta ya jiƙe sharkaf da nono.

Na ce, “Yaya, gobe ma za ki zo ko?”

Ta ce, “A'a, ƙanwata. In tana ganina ba za ta saba da ke ba.”

Na miƙa mata mayafin, ta ce in bar shi, yarinya za ta nema. Ta shafa kan yarinyar, ta fita tana dafe da ƙirji.